Saƙar Gwangwala a Barandar Uwarku

Ranar sunan 'yar Sani ina zaune a zaure na jiyo shi daga cikin gida yana ba surukansa labarin saƙar gwangwalar da ke barandarmu. Ya iya ba da labari, wannan kam gadon uwarsa ne. Yadda ya tsara shi, wai Kawunku Hamadu ya taso daga Banyo zai ƙwace uwarku, ni kuwa na yi masa wayo da 'yan sanduna da ganyen soso, ya koma hannu Rabbana. Aka yi ta dariya. Ban tanka ba, don ranar farin ciki ce, amma abin ya tsaya mini a rai. Lokacin da aka yi abin nan Sani ko mazagin wandonsa bai iya ɗaurewa ba. Hadiza ce kaɗai mai wayo a cikinku, ita ma ba kome ta gani ba. Kawunku kuma ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin da zai kāre kansa. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya riƙe alƙalami.

Shekarar da kuɗin sefa suka karye ne, kome ya tashi a kasuwa, magani ya fi kome tashi. Da bazara, irin zafin Garwan nan da ko kaza ba ta yarda ta taka ƙasa da rana, uwarku tana zaune tana dama mini tunkuza da yajin da nake shafa wa kilishi, sai ludayi ya suɓuce daga hannunta. Ta kai hannu za ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. A lopital, wato asibiti, suka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Da aka sallame mu dokta ya ja ni gefe ya ce magani zai yi nasa, amma abin da zai tashe ta shi ne iska, da 'yar tafiya, da hira da mutane. Ya ce in ta kwanta a ɗaki ta daina motsi, to, in fara shirin haƙuri.

Ku da kuka san ta a kujerarta ba ku san wace ce ita a dā ba. Mace ce da tun daga bakin titi ake jin muryarta. Faifan da take saƙawa har daga Maruwa ake aiko saye, kuma in ta ga zare ɗaya ya kauce sai ta warware aikin wuni guda ba ta ko ɓata rai. Matan unguwa wurinta suke kawo ƙararsu, ta yi musu sulhu, ta haɗa da faɗa. Irin wannan matar ce ta wayi gari bakinta ya karkace, magana tana fita da kyar, ga shi dole ta ci abinci da hagu, ta karɓi abin mutane da hagu. Ta ce wannan kam ba da ita ba. Ta shige ɗaki, ta sa aka saki labule. Masu zuwa dubiya Hadiza ce ke tare su a ƙofa ta ce Inna na barci. Ɗakin kuwa rufin kwano ne, in ka shiga da azahar sai ka fito riga a jiƙe. Ina kallonta tana ramewa, na yi lallashi, na yi faɗa, ko a jikinta.

Ana cikin haka Kawunku ya iso. Yayanta ne, dillalin shanu, dogo, ba shi da yawan magana. Ya shiga ɗakin ya daɗe. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya same ni a zaure, ya ƙi taɓa ruwan da aka kawo masa.

"Dada ta ce a kai mata 'yarta," in ji shi. "Ka san al'ada, doguwar jinya a gida ake yin ta."

Na ce, "Alhaji, dokta ya hana a ɗora ta a hanya yanzu."

"Na ji. Ga ruwa ma ya kusa saukowa, hanyarmu za ta rufe. Amma in ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, zan dawo da mota. In na same ta a ɗakin nan yadda na bar ta, ba zan nemi izininka ba."

Gaskiya ya faɗa. Banyo akwai sanyi, akwai uwarta Dada, akwai ƙannenta mata da za su yi mata abin da ni namiji ba zan iya ba. Amma na san waɗanda ake kaiwa jinya haka, kaɗan ne suke dawowa. Ku kuna lekkol, wato makaranta, a nan, sana'ata tana nan. Abin da ke raina kuwa ba abin da mutum zai buɗi baki ya gaya wa yayan matarsa ba ne. Yau na tsufa, kunya ta ragu, bari in faɗa muku: ban san yadda zan shiga gidan nan in tarar ba ta ciki ba. Da na gaya mata abin da yayanta ya ce, ko juyowa ba ta yi ba.

"Duk yadda kuka yi," ta ce.

Wannan ta fi maganar Kawunku yi mini zafi, don uwarku ba ta taɓa bar wa wani ya yanke mata ko launin zane ba.

Baranda tana nan a ƙofar ɗakinta, sai dai tana da aibi biyu. Tana kallon zaure kai tsaye, duk wanda ya yi sallama idonsa a kanta zai fara sauka. Kuma yamma take fuskanta, daga azahar rana ta shigo ke nan sai magariba. Na yi ta tunanin abin da zai tare ido ya tare rana. Ruwa ya sauka, aikin kilishi ya ja baya, don nama ba ya bushewa a hadari. Gadajen karan da muke shanya kilishi a kai suna jingine a bango suna zaman banza. Wata safiya na dube su na ce ai ga abin da nake nema. Na zaɓi mafi girma, na wanke shi tas, na tsayar da shi a bakin baranda, na ɗaure a jikin ginshiƙi. Na ja da baya ina kallo, ina jin kaina kamar wanda ya gina gidan sama. Sai na ɗage labulen ɗakinta don ta gani daga kan gado.

Maganarta a lokacin a ja take fitowa, kalma ɗaya sai ta huta. A nan zan rubuta ta a miƙe yadda take nufi.

"Malam."

"Na'am."

"Wancan ba gadon kilishi ba ne?"

"Shi ne. Na wanke shi."

Ta ƙare wa gadon kallo. Can ta ce, "To, ni ce naman?"

Na yi dariya har na zauna a dokin ƙofa. Ita ba ta yi ba, amma na ga gefen bakinta mai lafiya ya motsa. Tun da ciwon ya same ta ba ta zolaye ni ba sai ran nan.

"Kara ba ya jure ruwa," ta ci gaba. "Gara za ta cinye shi kafin wata ya mutu. Kuma ka toshe ko'ina, iska ta ina za ta shigo?"

Na ce, "To da me za a yi?"

"Gwangwala. Kowa ya san wannan."

Ban jira ta sake tunani ba. Na gangara bakin Binuwai wurin masu sayar da zana da tabarmi, na zaɓo gwangwala busassu miƙaƙƙu, na ɗauko a kai har gida, mutane na tambayata ko na bar fawa ne. Na tsattsaga su da wuƙar aikina, na kankare gefunan don kada su yanki hannu. Na samo sanduna masu kauri na turaku, na babbake gindinsu a wuta, na shafa musu baƙin mai saboda gara, na kafa. Har nan babu laifi. Wurin ɗauri ne na nuna ni mahauci ne ɗan mahauci. A kwata, in muna son abu ya ɗauru har abada, ɗanyar fata muke yankawa siri-siri mu naɗa. In ta bushe sai ta tsuke, ko da wuƙa da kyar ake kwance ta. Na kawo fatar bijimi guda, na yanyanka, na ɗaure kowace mahaɗa, ina yaba wa kaina. Abin da na manta shi ne wannan dabara ta rani ce. Aka yi ruwa, aka sake yi, fatar ta jiƙe ta saki, ta fara abin da ɗanyar fata take yi. Ƙudan unguwa duka suka tare a gidanmu. Karen maƙwabta ya riƙa leƙo zaure. Hadiza tana wucewa da gefen gyale a hanci, kunya ta hana ta magana. Ni kuwa wallahi ban ji kome ba, hancin da ya tashi a kwata ba ya jin warin fata.

Ina tsugune ina ƙara matse wani ɗauri sai na ji motsi a bayana. Na waiwaya, ga uwarku tsaye a ƙofar ɗaki, ta dafa bango da hagu, ƙafar dama tana ja. Ita kaɗai ta taso.

"Me ya mutu a gidan nan?"

Na nuna mata aikina, na fara bayanin yadda fata ke tsukewa.

"Kwance," ta ce. "Duka. Ka kai ta can bayan gari ka binne. Ka sayo igiyar rama."

Na kwance. Na sayo ramar. Ta sa Hadiza ta dafa karan dafi, wanda take rina zaren faifai da shi, aka tsoma igiyar ta fito ja wur. Na ce abin da ganye zai rufe me ya kai shi ga rini? Ta ce kafin ganye ya rufe ita ce za ta zauna tana kallo.

Daga nan aka shiga rigimar zane. Ni abin da hannuna ya sani shi ne a jera a tsaye, a gitta a kwance, kamar dai gadon kilishin. Ita kuwa a karkace take so, wannan ya hau ta dama wannan ya hau ta hagu, su bar ido mai kusurwa huɗu irin na bakin faifanta, kowane ido faɗin tafin hannunta. Daga ƙofa take ba da umarni.

"Matsa hagu. A'a, naka hagun. Ya yi yawa. Malam, kai ba ka ganin wannan ya fi ɗan'uwansa?"

Daga ƙofa ba ta ganin ƙasan saƙar sosai, sai ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsugune a kan dokin ƙofa. Daga can kuma ba ta ganin kusurwar kudu, sai kujerar ta matso cikin baranda, bisa sharaɗin a rufe zaure. Na ji kuna cewa da gangan nake ɓata aikin don in jawo ta waje. Da ma ina da wannan wayon. Ni dai zan iya yanka nama ya yi siririn da za ka hango rana ta cikinsa, amma ido biyu su fito daidai da juna, wannan ya fi ƙarfina. Da gaske nake ɓatawa, ita kuma da gaske take jin haushi. Ran nan haƙurinta ya ƙare.

"Kawo nan," ta ce.

Na kai mata kujerar har gindin saƙar. Ta auna idon da tafinta, ta danne mahaɗar da babban yatsa, ta riƙe bakin igiya ɗaya da hagunta. Na kama ɗaya bakin da damata, muka ja tare. Haka muka yi sauran aikin, ƙulli bayan ƙulli, da safe kafin rana ta yi zafi. Wani lokaci ta gaji mu tashi da ƙulli kaɗan. Wani lokaci kafaɗarta ta jingina da tawa, in yi kamar ban lura ba don kada ta janye. Tun muna ango da amarya ba mu zauna kusa da juna da rana tsaka haka ba. Ina son kwanakin nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Abin da za a shuka ma ita ta zaɓa. Na kawo shawarar duma, ta ce nauyinsa zai karya mata aiki. Wani abokina mai gadi a gidan wani Bature ya ce zai samo mini fure mai ja, ta ce abin da ba a ci ba a wanka da shi ba ta ga amfaninsa ba. Soso take so. Tana da 'ya'yansa a gwangwani a madafa. Na tona ramuka a gindin turakun, ta zuba da hannunta. Ƙasar damina ce, bai yi wuya ba ya tsiro, ya fara miƙo 'yan zaruruwansa yana neman abin kamawa. Nan ta sami aikin kullum. Da safe sai ta fito tana dafa bango, ta bi reshe-reshe tana ɗora kowanne inda take so ya bi, wanda ya yi gardama ta yi masa faɗa kamar yadda take yi muku. Kafin tsakiyar damina ganye ya kai rufi, fure rawaya ya buɗe, zuma na ta kai da komo. Barandar ta yi sanyi har ni ma na koma cin abincin rana a can. Wuri ɗaya ta hana ganye rufewa, daidai fuskarta in tana zaune. Ta nan take ganin duk mai shigowa, shi kuwa sai ya matso sosai zai gane da mutum a ciki.

Da ta sami wannan tagar sai ta ce a daina rufe zaure. Wadda ta fara zuwa ita ce Goggo Aisatu mai nono, wadda Hadiza ta sha mayarwa daga ƙofa. Uwarku ta hango ta, ta kira sunanta. Suka yi hira, ganye a tsakaninsu. Da ta sake zuwa sai ta zagayo ciki ba tare da an ce mata ba, ta kwance goro daga haɓar zane ta miƙa.

"Ki yi haƙuri, da hagu zan karɓa," in ji uwarku.

"Wanda ya yi wancan shi ya yi wannan. Karɓi, hannuna ya gaji."

Bayan ita sauran matan suka biyo, da faifansu da ƙararsu.

Ruwa ya ɗauke, soso ya fara bushewa a jikin saƙar, Kawunku ya cika alkawari. Na dawo daga kasuwa da hantsi na tarar da mota mai buɗaɗɗen baya a ƙofar gida. Na leƙa. An shimfiɗa sabuwar katifa, an yi mata rumfar tamfol, an tokare gefe da buhunan ciyawa don kada gargada ta jijjiga mai kwanciya. A kan katifar ga matashin kai da aka yi wa ɗinkin hannu. Wanda ya shirya motar nan ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Sai na hango Kawunku yana shiga zaure. Na shiga a bayansa, bai kai tsakar gida ba murya ta fito daga cikin ganye.

"Hamma, jabbama. Ka sha hanya."

Haka take kiransa, da Fulatancin da suka tashi da shi. Ya tsaya cak yana neman inda muryar take. Ya zagaya, ya gan ta zaune da ɗankwali ɗaure, Hadiza na riƙe mata faifai tana soka zare da hagu. Ya zauna a ƙasa a gabanta, babban mutum da babbar riga. Suka gaisa, suka tambayi kowa da kowa. Ni ina rakuɓe a jikin ginshiƙi. Sai ya ce,

"Na ce in na same ki a ɗaki zan ɗauke ki. Ban same ki a ɗaki ba, maganata ta faɗi. Amma ina da saƙo, kuma amana ce. Dada ta gyara miki ɗakin da ke kusa da nata. Ƙafa ta ƙi mata, ba ta iya hanya. Ta ce in gaya miki ba ta jin za ta ga wata damina."

Uwarku ta ajiye zaren. "In je in gan ta in dawo fa?"

"Ba zan ruɗe ki ba. Hanyar nan mai lafiya ma tana karya shi. Mai jikinki sau ɗaya zai bi ta. In kin je, zama ne."

Ta juyo ta dube ni. Duk abin da ke cikina yana cewa in roƙe ta. Na ce,

"Uwa ce. Abin da kika zaɓa, ba za ki ji wata magana daga bakina ba."

Ta dubi ƙofar ɗakinku, ta dubi Hadiza. Hawaye yana zubo mata ta ido ɗaya, ba ta share ba.

"Hamma, ka ce wa Dada ta yafe mini. Yaran nan ƙanana ne. Wannan mutumin kuma, ka gan shi nan, ko ƙulli bai iya ba."

Kawunku ya sunkuyar da kai. Bai ja da ita ba ko da kalma ɗaya. Ta sa shi ya tsinko busassun soso masu kyau da hannunsa, ta ce ya kai wa Dada ta yi wanka da su, 'ya'yan kuma a shuka mata a ƙofar ɗaki. Ya fita ya sa aka sauko da katifar da matashin aka shimfiɗa mata a baranda, ya ce da ma nata ne. Da zai tafi na raka shi mota, ya riƙe hannuna ya ce "Useko," wato na gode, ya shiga. Na yi murna ran nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma murna ce da ban iya nuna ta a gabanta ba.

Dada ba ta yi kuskuren lissafi ba. Ana fara ganin hadari a gabas wani direban shanu ya kawo labarin rasuwarta. An riga an yi jana'iza kafin ya taso. Uwarku ta karɓi gaisuwa a barandar nan, a kan katifar nan, matashin Dada a cinyarta. Ba ta ce mini ga laifina ba, a lokacin ko bayansa, har Allah ya ɗauke ta shekaru masu yawa daga baya.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, lokacin sake shuka ya yi. Tsohon ganye ya kakkaɓe, saƙar tana tsaye tsirara, jan igiyar ya koɗe. Na kasa ɗaga ido in dube ta. Na san ba don saƙar nan ba da uwarku tana gefen Dada ranar da ta cika. Na ɗauko wuƙa na tsaya a gaban uwarku.

"In kwance ta ne? Sai in sa miki asabari kawai."

Ta dubi wuƙar, ta dube ni.

"Mai da wuƙarka," ta ce. "Da tsada na saye ta."

Sai ta miƙo mini guntun igiyar rama da hagunta, ta nuna mini ƙullin da ya saki a kusurwar kudu.